Sallamar Hedimasta

Inna na durƙushe a gaban gado tana kokawa da takalmin Hedimasta, ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga, sai ga Sista ta shigo ɗauke da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu. Ta dire shi a tsakiyar ɗaki, ta dafa shi da hannu biyu kamar mai tallar sabon kaya. Mazan da ke kwance a sauran gadajen duk suka juyo, don a ɗakin masu karaya ba a cika samun abin kallo ba.

"Baba, ga abokin tafiyarmu," in ji ta. "Da shi za mu koma gida."

Hedimasta ya sauko da tabarau kan hanci ya ƙare wa ƙarfen kallo, irin kallon da ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa yaran da suka zo makaranta a makare. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yanzu kowa Hedimasta yake ce masa, har Inna matarsa, wadda ita ma sunanta ya ɓace tun ranar da ta haifi ɗan fari.

"Tare za mu koma gidan?" ya tambaya.

"Na'am, Baba?"

"Na ji kin ce mu. Tun da aka kwantar da ni kike cewa mu sha magani, mu juya, mu yi fitsari. Ni dai ban ga ranar da kika haɗiyi ko ƙwaya ɗaya ba."

Mai gadon kusa, wani direban tanka da aka rataye wa ƙafa, ya tuntsire da dariya har igiyar ta motsa. Sista ko a jikinta. Ta daɗe a aikin, ta ga tsofaffi iri-iri, kuma ta riga ta raba su gida biyu a ranta: masu kuka in sun ga allura, da masu gyara mata magana. Na biyun sun fi ba ta wahala, amma sun fi saurin warkewa.

Makonnin baya ne Hedimasta ya hau kujerar roba zai canza ƙwan lantarkin falo. Inna ta ce ya bari a kira mai gyaran wuta. Ya ce shi da ya riƙe makaranta guda, da malamanta da ɗalibanta, ba zai kira wani ƙato saboda ƙwai ɗaya ba. Kujera ta ware ƙafafu, shi ya sauka a kan ƙugu, ƙwan kuwa ko tsagewa bai yi ba a hannunsa, abin da yake faɗa wa duk mai zuwa dubiya cikin alfahari. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe. Tun daga ranar Inna take kwana a kan kujerar da ke gefen gadon, ita ce wanka, ita ce ɗauke fo, ita ce bin masu shara tana ba su haƙuri a kan abin da ya faɗa musu.

Da safen nan likita ya zo zagaye, ya ɗaga hoton ƙashi sama, ya yaba wa ƙarfen da shi da kansa ya saka, ya sa hannu a kan sallama ya wuce. A wurinsa ƙashi ya kama, sauran mutumin kuma ba sashensa ba ne. Sauran mutumin shi ne aikin Sista, ita kuwa ba ta ga alamar ya isa tafiya ba.

"Ni a ganina, Baba, da ka ƙara kwana biyu," in ji ta. "Masu gashin ƙashi sun ce duk zuwan da suka yi kora ka yi musu. Ba ka koyi tashi ba, ba ka koyi zama ba, ba ka taɓa ƙarfen nan ba."

"Zama za a koya mini? Ni da na koya wa rabin garin nan zama a kan benci?"

"Wancan zaman daban."

"Likita ya ce in tafi. Ke kin fi likita ne?"

Sista ta juya wajen Inna, kamar yadda ma'aikatan asibiti suke yi in mara lafiya ya cika baki.

"Mama, ki saurara da kyau. In kun koma, duk wani kafet da ke ƙasa a naɗe shi, kada ya harɗe shi. Kada ya zauna a kujera gajera, kada ya sunkuya, kada ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Banɗakinku na zama ne ko na tsuguno?"

"Na tsuguno ne," in ji Inna.

"To ba zai yiwu ba. Sai an samo kujera mai fo. Wanka kuma a zaune, ke za ki riƙe shi. Da dare in zai tashi, ki riga shi tashi. Ki riƙa zagayawa da shi tsakar gida safe da rana da yamma. Gishiri a rage, maiƙo a rage. Ga kuma allurar hana daskarewar jini, kullum ɗaya a fatar ciki, zan nuna miki yadda za ki yi masa."

Inna ta dubi hannuwanta. Ita da zare ma sai ta nemi mai zura mata a allura, ga shi yau an ɗaukaka ta zuwa mai yin allurar mutum. Ta dafa gefen gado ta miƙe a hankali, ƙugunta ya yi wata ƙara da ita kaɗai ta ji.

"Sista, ni dai bayana ne…"

"Yawwa, baya. Na gode da kika tuna mini. Ki riƙa duba bayansa kullum, kada kwanciya ta sa ya yi gyambo. In kin ga wuri ya yi ja, ki juya shi."

Inna ta ce to.

Hedimasta ya buga tafin hannu a kan katifa, yadda yake buga tebur a da. "Yarinya, kin yi ta zuba kamar rediyo, amma ba ki tambaye ni abin da nake bukata ba. Ni aka yi wa aikin, kuma a ƙugu aka yi, ba a ka ba."

"To Baba, me kake bukata?"

"A ba ni wandona na kirki, ba wannan buhun da ake ɗaurewa da igiya ba. A gaya mini ranar da zan cire wannan safa da ke shaƙe mini ƙafa. Sannan a gaya mini yaushe zan hau babur, don ranar Asabar muna da taron ƙungiyar tsofaffin malamai. Ni ne sakatare, mataimakina kuwa ya daɗe yana harin kujerar. Sau biyu ya zo dubiya, duk ƙafar yake leƙe, ba fuskata ba."

"Babur kuma? Baba, babur sai dai ka gan shi a jingine."

"Kin ji ko?" Ya juya wajen direban tanka. "Na tambayi abu uku, ba a ba ni ko ɗaya ba. An ba ni kujera mai fo."

"Ni ma da na tambayi motata, allura aka yi mini," in ji direban.

Ana cikin haka Auta ta shigo da sauri, jakar ofis a kafaɗa, waya a hannu, ta ɗaga ta sama kamar fitila. A cikin wayar fuskar yayanta ce, Injiniya, babban ɗan gidan, wanda aiki ya kai shi gari mai nisa, kuma tun da abin ya faru yake jinyar mahaifinsa ta waya da iyakar ƙoƙarinsa.

"Sista, duk abin da ake bukata a faɗa," in ji Injiniya, muryarsa na yankewa. "Ƙarfen riƙewa a banɗaki, ni zan zana shi da kaina. Ba na son aikin 'yan unguwa. In na zo ƙarshen wata mai zuwa za a kafa."

"Kafin nan fa?" in ji Sista.

"Kafin nan ai Inna na nan."

"Ni ma zan riƙa leƙowa ranakun hutu," in ji Auta. "Kin san yanayin aikinmu, ga yara. Amma Inna ta saba da shi, ba wanda ya iya masa sai ita."

Inna na tsaye tana ninke tawul. Ta lura kowa in ya ambaci sunanta sai hankalinsa ya kwanta, kamar an ambaci wani babban kamfani da ba ya rufewa. Ta yi niyyar ta ce banɗakin nan sai an hau matakala biyu, kuma ita kanta sai ta dafa bango take hawa. Ta buɗe baki, wayar Sista ta yi ƙara.

Daga ofishin rabon gadaje ne. Sista ta koma bakin taga tana magana ƙasa-ƙasa, amma ɗakin ya ji. Akwai mutum a kan gadon turawa a baranda tun safe, an ce gado na shida, na Hedimasta, zai tashi, me ake jira? Ta ce ana kan shiri. Ta kashe wayar, ta ɗan tsaya tana murza idon sawunta ɗaya da bayan ɗayan, sannan ta dawo da fuskar aiki.

"Baba, mu yi yarjejeniya. Ka tashi ka taka daga nan zuwa bakin ƙofa ka dawo. In na gani da idona, in sallame ka. In ka kasa, ka kwana."

"Jarrabawa ke nan."

"Ka kira ta yadda kake so." Ta turo masa ƙarfen.

Ya ture shi da bayan hannu. "Ba zan shiga cikin keji ba. In mataimakina ya gan ni da wannan, ai a ranar za a yi zaɓe. Innar yara, matso."

Inna ta matso. Ya dafa kafaɗarta da hannu ɗaya, ya kama wuyan rigarta da ɗayan, ya yunƙura. Hedimasta mutum ne dogo, kuma zaman asibiti bai rage shi da komai ba, don duk abin da aka kawo na dubiya shi yake cinyewa. Nauyinsa ya sauka a kanta gaba ɗaya. Ta ji wani abu ya tsarga mata daga ƙugu har tafin ƙafa, ta cije leɓe, ta kafa ƙafafu.

Suka fara tafiya, shi yana jefa ƙafa yana ɗaga kai kamar mai duba faretin ɗalibai, ita tana ƙarƙashin hammatarsa tana kallon siminti. Masu jinya suka janye ƙafafu suna ba da hanya. Auta na biye da su da waya don Injiniya ya gani. Da suka isa ƙofa Hedimasta ya taɓa ta da yatsa, ya juyo, Inna ta juyo da shi. Kafin su dawo gado gumi ya jiƙa mata ɗankwali, kunnuwanta na wani irin shuu.

"Kun gani?" in ji shi da ya zauna. "Ko haki ban yi ba."

"Baba ya warke," in ji wayar.

Sista ta dube su. Ta san abin da ta gani ba tafiya ba ce, dako ne. Amma ta tuna mutumin baranda, ta dubi Inna da ke tsaye ba ta faɗi ba, sai ta zaɓi abin da ya fi sauƙin gani.

"Mama akwai ƙarfi," ta ce. "To shi ke nan, tunda akwai mai kula da shi a gida. Amma ƙarfen nan da shi za ku tafi, ko a rataya tawul ne."

A karo na farko tun da aka kwantar da shi, Hedimasta da Sista suka yi wa juna murmushi. Shi ya samu tafiyarsa, ita ta samu gadonta. Aka miƙa wa Inna takardar magani, aka ce ta je ta karɓo kafin a rufe taga, Auta kuma ta tsaya haɗa kaya.

Wurin karɓar magani yana can ƙarshen wata doguwar baranda. Inna ta bi layi, ta jingina da bango, layin na tafiya kamar ba ya so. Da ta isa, mutumin da ke bayan gilashi ya riƙa turo ƙananan ledoji yana magana ba tare da ya ɗago ba. Fari kafin abinci, rawaya bayan abinci, ƙaramin da dare kawai, wannan kada a haɗa shi da wancan, allurai kuma a ajiye inda ba zafi. Ta ce to, ta ce to, ta tattara ta juya.

Ba ta yi nisa ba ta ga barandar ta karkace. Ta tsaya ta jira ta miƙe, ba ta miƙe ba. Ta lalubi wani benci ta zauna, ledar magani a cinya, tana jin ƙeyarta kamar an ɗaure da waya. Wata nas da ke wucewa da na'urar awon jini ta dube ta, ta wuce, sannan ta dawo da baya.

"Mama, lafiya? Wa kike jira?"

"Ba kowa. Yanzu zan tashi."

"Kawo hannunki tukuna."

Na'urar ta matse mata dantse ta saki. Nas ɗin ta dubi lambar, ta kwance, ta ɗaura a ɗaya hannun. Ta sake duba, ta kama Inna ta shigar da ita wani ƙaramin ɗaki inda wata likita matashiya ke zaune tana cin biskit a ɓoye cikin aljihun tebur.

Likitar ta ga lambar, ta rufe aljihun.

"Mama, kina da hawan jini?"

"An taɓa faɗa mini."

"Kina shan magani?"

"Yana gida." Tun ranar da suka zo ta bar shi a kan firji. Ta sha yin niyyar ta ce Auta ta kawo, amma duk ranar da za a yi aike, kayan Hedimasta ne suke cika saƙon: tabarau na karatu, jarida, man shafawa, rediyo, batirin rediyo.

"Yaushe rabonki da barci a kan gado?"

Inna ta yi 'yar dariya, don ta ɗauka wasa ne. Likitar ba ta yi ba. Ta haska mata ido, ta sa ta matse yatsunta, ta sa ta ɗaga hannuwa sama, ta tambaye ta ko harshenta ya yi nauyi. Tambaya bayan tambaya, kuma duk a kanta. Inna ta riƙa jinkirin amsawa, don ta saba in an yi tambaya a asibitin nan, sai ta fara da "ya ce".

"Gaskiya jinin ya hau sosai," in ji likitar. "Son samu ki kwanta kwana biyu mu sa ido a kanki. In kuma babu hali, in ba ki magani ki zauna ya ɗan sauka ki tafi, amma sai kin yi mini alkawari za ki huta. Ba tashin dare, ba ɗaga abu mai nauyi."

"Nauyi kamar me?"

"Kamar bokitin ruwa."

Inna ta yi ƙoƙarin ƙiyasta bokiti nawa ne Hedimasta, lissafin ya ƙi ƙarewa. Maganar da ta saba faɗa ta riga ta hau harshenta: ina da mara lafiya. Da ita ta ƙi zuwa bikin 'yar ƙanwarta, da ita ta bar awon ido, da ita ta amsa duk wanda ya ce Inna kin rame. Ta hango gidan, da matakalar banɗaki, da kafet ɗin falo da sai an ɗaga kujeru kafin a naɗe shi, da kanta a tsaye da allura tana neman fatar ciki shi kuma yana gyara mata riƙo. Ta hango kuma ranar da za su faɗi tare, shi a sama ita a ƙasa, ba mai ɗaga wani.

"Akwai gadon?" ta tambaya.

"Akwai ɗaya a ɗakin mata."

"To."

Gadon yana kusa da taga. Zanin ya sha wanki har ya yi laushi. Inna ta cire takalmanta ta jera su a ƙasa, ta hau, ta miƙe ƙafafu. Bayanta ya taɓa katifa, ta ji kowane ƙashi yana neman wurinsa yana kwanciya. Aka ba ta ƙwaya ta haɗiya, aka ɗaura mata wani abu a hannu. Ta ba nas ɗin lambar Auta da ledar maganin Hedimasta, ta lumshe ido.

Ba ta san iya lokacin da ya wuce ba, sai ta jiyo muryarsa tun daga baranda, yana faɗa wa wani cewa a tura keke a hankali, ba buhun siminti aka ɗauko ba. Auta ce ta turo shi har gaban gadon, idanunta sun yi ja. Sista na biye da su, ɗauke da ƙarfen da suka bari a ɗakin maza da gangan.

Hedimasta ya dubi matarsa a kwance. Bai taɓa ganin ta kwance da rana ba, sai lokacin haihuwa. Leɓensa ya motsa, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Innar yara, me ya same ki?"

"Jini ne, Hedimasta. Sun ce ya hau."

"Ba ki faɗa ba."

Ya dubi hannunta da aka ɗaura wa abu, ya kai nasa kamar zai taɓa, ya tuna akwai mutane, ya mayar kan cinya. Sannan ya gyara murya ya juya wajen Sista.

"Yarinya, na sake nazari. Maganarki ta ɗazu akwai hankali a ciki. Zan ƙara kwana biyun."

"Ai Baba ka warke."

"Ban warke ba. Ban koyi tashi ba, ban koyi zama ba. Ke da bakinki kika faɗa."

"Ni da idona na ga ka taka har ƙofa, ko haki ba ka yi ba."

"Banɗakina na tsuguno ne. Akwai matakala biyu. Ga kafet ko'ina. Wa zai yi mini allurar cikin? In na tashi da dare wa zai riga ni tashi? Kuma tun ɗazu nake jin jiri."

"Jirin yunwa ne, Baba, in ka ci abinci zai wuce." Sista ta sauke murya, ta daina kallonsa. "Gadon ma an riga an ba wani. Tun kafin ku kai baranda aka canza zani."

"To a ba ni wani."

"Babu. Likita ya sa hannu, ni kuma ban fi likita ba."

Matan da ke sauran gadajen sun tashi zaune, masu jinyarsu sun bar abin da suke yi. Inna na kwance tana saurare da ido rabi a rufe. Duk abin da Sista ta lissafa da safe, yanzu daga bakin Hedimasta yake fitowa, bai manta ko ɗaya ba, har da gishiri. Duk abin da Hedimasta ya faɗa da safe, Sista ce take maimaitawa. Ba ta taɓa sanin suna sauraron juna haka ba.

Auta ta koma gefe ta kira yayanta. Wannan karon ba ta ɗaga wayar sama ba, a kunne ta sa ta.

"Yaya, ba maganar zane ba ce. Ka nemi mota ko jirgi ka taho. A'a, ba ƙarshen wata ba. Inna na kwance. Eh, Inna. Ni zan kai shi gidana yau, namu banɗakin na zama ne, amma gobe ina da aiki, kuma mijina ba zai iya shi kaɗai ba." Ta saurara. "To ka ɗauki hutun. Ni ma ɗauka zan yi."

Hedimasta ya ji an ce gidan suruki, ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi kewaye bai ga kafaɗar da zai dafa ba. Ya daɗe yana kallon ƙarfen da Sista ta ajiye a gabansa. Can ya miƙa hannu ya kama shi, ya ɗan girgiza shi ya ji ƙwarinsa.

"Wace ƙafa ake fara jefawa?" ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Mai ciwon," in ji Sista. Ta duba agogo, ta ja numfashi, ta ajiye wayarta a aljihu. "Auta, matso ki gani, ke ma za ki koyi allurar. Baba, riƙe nan da nan. Kada ka ja shi, tura shi za ka yi."

Suka ja gefe, tsakanin gadaje, Sista na ba da umarni, Hedimasta na cewa ba haka ya kamata a bayyana ba, amma yana yi. Auta ta dawo bakin gadon da waya a hannu, fuska duk a rikice.

"Inna, ina makullin ɗakinsa? Wane wando zan ɗauko masa? Maganin nan wanne ne na dare? Kuma in ya ƙi cin abinci ba gishiri ya zan yi?"

Amsoshin duk suna nan a kan Inna, a jere, kowace da wurinta. Ta ɗago kai za ta fara, sai ga mai rabon abinci ta tsayar da kekenta a ƙarshen gadon, ta ɗaga buta.

"Mama sabuwar zuwa, shayinki da madara ko babu?"

Inna ta dubi Auta, ta dubi butar. Ta ɗan yi tunani, don an daɗe ba a tambaye ta ba, sai da ta lalubo yadda take so.

"Da madara," ta ce. "Auta, ki tambayi babanki, ai da bakinsa."

Ta karɓi kofin da hannu biyu. Shayin da zafi, ta hura shi sau ɗaya, ta jingina da matashi, ta jira ya huce.